Sai Na Ga Kuskuren Hamisu

Ran nan da la'asar, a gidan kallon ƙwallo na bakin tashar Ikara, ina zaune a bencin baya na ji ɗayanku yana cewa aikin Koci Ladan ai ba aiki ba ne. "Mene ne a ciki? Ka kalli wasa, ka ce wane ya iya, wane bai iya ba. Ko ni aka ba babur da littafi gobe zan fara." Kuka kwashe da dariya, ba ku san ni ne a bayanku na ja hula kan goshi ba. Zan so in ce ban ji haushi ba, amma ƙarya ba kyau, na ji. To tunda da sauƙi, ku gyara zama in gaya muku abin da ke ciki. In na gama, mai son babur ɗin ya zo ya karɓi makulli.

Sana'ata ita ce in kalli yaro yana wasa, in masu kulob suka bugo waya suka ce, "Ladan, ya kai ko bai kai ba?" in ba su amsa. Ba ni da kulob, ba ni da ofis, bakina shi ne jarina. Kuma a cikin 'yan wasa goma sha ɗaya, wanda aka san ni da shi shi ne lamba biyar, ɗan bayan ƙarshe, wanda daga shi sai gola. Ɗan gaba ba ya bukatar irina, ko mai sayar da ruwan leda a bakin fili ya san ya ci ko bai ci ba. Amma ɗan baya in ya yi aikinsa daidai ba ka ganin komai. Ƙwallon da ɗan tsakiya ya ɗaga kai zai jefa, sai ya fasa don ya ga an tare hanya, wannan shi ne aikin ɗan baya. Ku da kuke tura wa juna guntun bidiyo a waya, ku nuna mini inda ake ɗaukar hoton abin da bai faru ba.

Ƙwallon farko da na ɗinka, a shagon marigayi Malam Bawa ne a Kudan, kuma a nan na koyi sana'ar. Malam Bawa tela ne, amma rabin shagonsa fasassun ƙwallaye ne. A lokacin ƙwallo ɗaya ƙungiya take da ita, in ta fashe ba atisaye sai an gyara, saboda haka duk ƙwallon Kudan da Makarfi da Ikara ta hannunsa take bi. Ya nuna mini yadda ake farke ɗinki a zaro bulada, a hura ta a nutsa a bokitin ruwa a ga inda kumfa ke fita, a liƙe da faci irin na keke, sannan a goga wa zare kakin zuma a ɗinke fata da lanƙwasasshiyar allura. Tawa ta fito da tudu a gefe ɗaya. Malam Bawa ya gara ta a ƙasa, ta yi kwana da kanta ta shige ƙarƙashin keken ɗinki, ya ce, "Madalla, ka ɗinka mana ƙwallon da ta iya yanka." Na farke na sake har sau uku. Duk wanda ya kawo gyara kuwa sai ya zauna ya ba da labarin wasan garinsu, Malam Bawa yana ɗinki yana saurare, ranar wasa ya hau keke ya je ya gani da idonsa.

Ranar da ya fara tafiya da ni fili, Kudan ce ke wasa da Makarfi. Ina ɗokin in shiga cikin jama'a, sai ya ja ni bayan raga, inda ba kowa sai awaki. Ya ɗebo masara cike da hannu ya zuba mini a aljihun dama. "Ka ga lamba biyar na Makarfi? Shi kaɗai za ka kalla. Duk sanda ya waiwaya ya duba bayansa kafin ƙwallo ta zo, ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka mayar aljihun hagu." Na ce to. Aka busa usur, cikin minti biyu na manta da lamba biyar, na manta da masara, ina ta tsalle ina bin ƙwallo da ido kamar kowa. Da aka tashi ya ce, "Nawa?" Na ce, "Biyu da ɗaya, Malam, mu muka ci!" Ya dube ni sama da ƙasa. "Akuyar can ma ta san biyu da ɗaya ne. Na ce masara nawa?" Daga filin har shago a ƙasa na tako, shi yana kan keke a hankali a gabana, ya ƙi goya ni.

Sai da na yi damina biyu kafin idona ya yarda ya rabu da ƙwallo, kuma na rantse babu ɗayanku da zai iya minti biyar. Ku gwada ranar Asabar ku gani. Har yau kayan aikina ba su wuce masara a aljihu ba, da ƙaramin littafi da biro, da 'yar kujera mai naɗewa da nake ɗaurewa a bayan babur. Kuma har yau bayan raga nake zama, ko an ba ni wuri a rumfar manya. Daga nan ne kake ganin layin 'yan baya ko a miƙe yake ko ya karkace. Daga nan kake jin murya, don lamba biyar da ba ya magana rabin ɗan wasa ne. Daga nan kuma kake ganin abin da yake yi lokacin da ƙungiyarsa ta tafi hari: shi ma ya riƙe ƙugu ya zama ɗan kallo, ko yana ƙirga mutanen da aka bari kusa da shi? In na ga yaro yana yawan zamewa a ƙasa yana kwasar ƙwallo, wandonsa duk jar ƙasa, ku kuna tafi ni ina rubuta cewa ya makara.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai manajojin kulob, waɗanda in suna nema sai su kira ka Babban Koci, in sun samu su manta lambarka. Akwai masu kwat da jaka da ke cewa za su kai yaro Turai, waɗannan tun daga gaisuwa nake sallamarsu. Akwai kuma iyaye. Wani Alhaji mai gonakin rake a Makarfi ya taɓa zuwa ƙofar gidana da kwandon mazarƙwaila da ɗansa, santalelen yaro mai gudun tsiya. Na kalle shi wasa uku, na ce, "Alhaji, gudu kam Allah ya ba shi. Amma duk gudun nan yana yinsa ne don ya koma inda ya kamata a ce tun farko yana tsaye." Alhaji ya ce, "Wato bai kai ba?" Na ce, "A baya dai bai kai ba." Ya miƙe ya sa direba ya mayar da kwandon mota. Yarana sun yi kwana biyu suna fushi da ni saboda mazarƙwailar nan.

Yanzu bari in gaya muku shekarar da na sha kashi. Akwai wani yaro Isiyaku daga Nasarawan Doya, dogo, ga ƙirji, in aka ɗago ƙwallo sama kansa kawai kake gani. Masarata ƙarewa take kafin hutun rabin lokaci. Na bi shi wasa bayan wasa a gasar ƙauyuka da ake yi bayan an kawar da amfanin gona, ban ga an ci su ta wajensa ko sau ɗaya ba. Ba a ma tambaye ni ba, na ɗauki waya na kira wani babban kulob na ce na samo muku katanga. Suka ɗauke shi a kan maganata. Na bi shi wasansa na farko, na zauna bayan raga ina hura hanci.

Minti goma sha biyar da farawa ya mayar wa gola ƙwallo, ba ta isa ba, ɗan gaban abokan karawa ya tsince ta ya jefa raga. Kuskure ne da kowa ke yi. Amma filin ya ɗauki ihu, magoya bayan kulob ɗinsa da kansu suka fara zaginsa, sai na ga yaron da na sani ya narke a gabana. Da farko ya fara ɓuya, in gola ya riƙe ƙwallo sai ya juya baya don kada a ba shi. Daga nan zuciya ta ɗebe shi, ya bar gida ya tafi gaba wai zai rama, aka bi ta wurin da ya bari aka ci na biyu. Ƙarshe ya kwashe ƙafar wani ta baya, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, duk kafin a tafi hutu. Bai ƙara sa rigar kulob ɗin ba, kuma da ya dawo gida ko atisayen unguwa bai ƙara fita ba. Yanzu acaɓa yake yi tsakanin Makarfi da ƙauyensu. Muna gaisawa, amma ba ma maganar ƙwallo.

Ni kuma shekara uku ba wanda ya ɗauki wayata. Na koma noman barkono da ɗinkin ƙwallon 'yan makaranta. Malam Bawa yana raye a lokacin, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na je na zayyana masa komai, ya ce, "Sau nawa ka ga ya yi kuskure kafin ka kai shi?" Na ce, "Ko sau ɗaya, Malam. Abin da ya sa na kai shi ke nan." Ya ce, "To ai ba ka san shi ba. Ka san Isiyakun da komai ke tafiya masa daidai. Ɗayan, wanda ke fitowa bayan an ci ta wajensa, a gaban jama'a kuka fara haɗuwa." Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na cewa ɗan baya ya kai sai na ga ya tafka babban kuskure da idona, na kuma ga abin da ya yi bayansa.

Dokar nan ce ta kusa raba ni da mutanen Ikara a kan Hamisu. Hamisun Furana, ɗan Malam Garba manomi, ni na fara ganinsa a filin firamare yana wasa da takalmin roba, ni na kai shi wani ƙaramin kulob a Zariya, daga nan wata ƙungiya ta rukuni na biyu ta ɗauke shi da albashi. Kakar wasa biyu ya yi musu yana lamba biyar. Ba shi da tsayin Isiyaku, amma kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, muryarsa kuwa har bayan katangar fili ana ji. Sai ran wata Talata Alhaji Nuhu ya kira ni, manajan kulob ɗin nan da na taɓa kai wa Isiyaku, mutumin da da ƙyar ya dawo yana yarda da maganata. Ya ce lamba biyar ɗinsu ya karye, kuma ranar Litinin ake rufe rajistar 'yan wasa. "Ladan, ba yaron da za mu raina muke nema ba. Wanda zai sa riga ya shiga fili a cike muke so. Muna da wani a hannu daga kudu, amma an ce naka ya fi shi. Ya kai ko bai kai ba?" Na ce ya ba ni zuwa yammacin Asabar.

Ga matsalar. Na kalli Hamisu wasa fiye da goma a kulob ɗin nan, kuma yaron nan ya ƙi yin kuskure. Ƙanana akwai, amma wanda zai jawo a ci su, fili ya juya masa baya, ban gani ba. In na ce ya kai ya je ya narke, na kashe yaro na biyu, bakina kuma ya mutu har abada. In na yi shiru su ɗauki na kudu, irin wannan ƙofa ba lallai ta sake buɗe wa ɗan Furana ba. Wasa ɗaya ya rage mini, na ranar Asabar, kuma a waje za su buga.

Maganar ta fita, ban san ta ina ba. Ran Alhamis da hantsi sai ga Malam Garba a kan keke tun daga Furana. Na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa.

"Barka da zuwa, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya mutanen Furana? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Yaya iyali?"

"Lafiya ƙalau, mun gode Allah."

Sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Malam Ladan, an ce mini bakinka kawai ake jira."

"Haka ne, Malam."

"To me yaron ya yi maka? In wani laifi ne, ni ubansa ne, na zo in ba da haƙuri."

"Wallahi bai yi komai ba. Abin da nake jira ke nan, in ga ya yi."

Na yi masa bayani iyakar iyawata, har labarin Isiyaku na ba shi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya mayar da hularsa. "Wato yanzu zaune kake kana fatan ɗana ya faɗi a gaban mutane." In an bi ta gaskiya kuwa, hakan ne. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya hau kekensa. Ruwan ko taɓa shi bai yi ba, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

A gari kuwa ba a cewa komai. Aka ce baƙin ciki nake yi, aka ce ɗan kudu ya saye ni, mai shayin tasha da kullum yake cika mini kofi ya koma ba ni rabi. Wasunku da ke zaune nan har waƙa kuka yi mini. Kada ku sunkuyar da kai, na san muryoyinku.

Asabar bayan sallar asuba muka cika bas ɗaya daga Ikara, ni da samari, ba mai yi mini magana. Muka tarar fili ya cika ya batse, ganguna ta ko'ina, duk na masu gida. Na buɗe kujerata bayan ragar su Hamisu, samarinmu suka tsaya a bayana. Aka take wasa. Kai, yaron nan ranar ya yi wasa! Waiwaye, magana, nuni da hannu, ya tura layi gaba a kama mutum a satar gida, ya janyo shi baya kafin a jefo doguwa. Masara tana ta ƙaura daga dama zuwa hagu, ni kuwa na san in aka tashi a haka ba ni da amsar da zan ba Alhaji Nuhu.

Wajen minti ashirin da biyar, lamba bakwai na masu gida ya tsere ta gefe ya shimfiɗo ƙwallo ƙasa-ƙasa da ƙarfi gaban raga. Hamisu ya riga kowa zuwa, ya miƙa ƙafar hagu zai fitar. Ƙwallon ta daki ƙwaurinsa, ta tashi, ta tsallake kan golansa, ta faɗa raga a gabana har ragar ta taɓa gwiwata. Ya ci gida. Filin ya kece da ihu, masu ganga suka sauya kiɗa, jama'a suka haɗa baki, "Mun gode, lamba biyar! Mun gode, lamba biyar!" Samarin Ikara suka ɗora hannu a ka.

Ni kuwa ban san sanda na tashi sama ba. Da furfurata da ciwon gwiwata na daka tsalle na ce, "Alhamdu lillahi!" Kujera ta kife, masara ta watse a ƙasa. Sanusi, kwandastan bas ɗinmu, ya cakumi wuyan rigata. "Koci, ka haukace ne? Ɗanmu ne fa!" Na ce, "Sake ni, ɗan nema, yanzu aka fara wasa!" Wani ɗan garin da ke kusa ya rungume ni yana tsammanin nasu ne. Na ture shi na kafa ido.

Hamisu bai kwanta a ƙasa ba, bai rufe fuska da riga ba. Ya shiga raga da kansa ya ɗauko ƙwallon, ya dubi golansa ya dafa ƙirji, na ji shi da kunnena ya ce, "Nawa ne." Ya cilla ta tsakiya ya juya yana tafa hannu yana kiran lamba biyu da suna. Na ce a raina to, wannan kowa na iya yi, bari a taɓa ciwon mu gani. Ba a jima ba aka taɓa. Kocin masu gida ba wawa ba ne, ya yi wa lamba bakwai nuni ya sake. Gefe ɗaya, ƙwallo iri ɗaya, ƙasa-ƙasa da ƙarfi. Nan ne yaro ke janye ƙafa ya bar wa gola, don kada a ce shi ne kuma. Hamisu ya miƙa ƙafar hagun nan dai, a wurin nan dai, ya fitar da ita kwana. Na kai wa cinyar Sanusi duka na ce, "Ka gani?" Sanusi ya ce, "Na ga me?" Ban kula shi ba.

Aka bugo kwanar, gola ya cafke. Jama'a suna ta yi wa lamba biyar ba'a, sai na ga Hamisu ya buɗe gefe ya miƙa hannu biyu yana ce wa gola, "Kawo! Kawo nan!" Golan ma sai da ya ɗan yi jim, sannan ya gara masa. Ɗan gaba ya taso masa da gudu. Hamisu bai doka ta sama don ya rabu da ita ba, ya taka ta, ya bar mutumin ya wuce, ya miƙa wa ɗan tsakiya a ƙafa. Ɗan gaban ya dawo ya shafa masa kai yana faɗa masa magana a kunne, irin wadda ke sa yaro ya kai duka. Hamisu ko kallonsa bai yi ba, yana can yana ƙirga mutane da yatsa.

Duk da haka na ƙi ɗaukar waya, don son ramuwa shi sai ƙarshen wasa yake tashi. Bayan hutu na ɗauki kujerata na zagaya ɗaya ragar, aka yi ta gwabzawa, ɗaya da nema. Saura kamar minti uku su Hamisu suka sami kwana. Kowa ya tafi gaba. Samarinmu suna ihu kamar maƙogwaronsu zai tsage, "Hau, Hamisu! Je ka rama!" Na ga ya yi taku uku gaba, zuciyata ta ce shi ke nan. Sai ya waiwaya ya ga masu gida sun bar mutum biyu a tsakiyar fili, ya dawo ya tsaya. Aka bugo kwana, aka fitar da ka, sai ga mutum biyun nan sun taho da ƙwallo, shi kaɗai a gabansu da rabin fili a bayansa. Bai faɗa musu ba. Ya yi ta ja da baya, yana ja da baya, ya tsaya tsakaninsu yadda mai ƙwallo ba zai iya miƙa wa ɗan'uwansa ba, har mutumin ya gaji da jira ya tura ta ta ɗan yi nisa. Nan Hamisu ya sa ƙafa ya ɗauke ta a tsaye, ko ƙura bai tayar ba. Masu gida da kansu wasu suka tafa. Ni na yi ihun da ya dushe mini murya har kwana uku.

Aka tashi ɗaya da nema, an ci su, kuma da ƙafarsa. Na koma gefen bas na kira Alhaji Nuhu. Kafin in gama sallama ya ce, "Na riga na ji, Ladan. An ce yaronka ya ci gida ya kayar da su. Ba komai, za mu ɗauki na kudu."

Na ce, "Alhaji, ya kai."

Ya ce, "Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ina bayan ragar, a gwiwata ƙwallon ta tsaya. Na ga kuskuren, na ga abin da ya yi bayansa. Ka sa shi a kowane fili a ƙasar nan, ba zai narke maka ba."

"Wancan ma ai katanga ka ce."

"Wancan ban taɓa ganinsa a irin yau ba. In wannan ya ba ka kunya, kada ka ƙara ɗaukar wayata, ka kuma gaya wa sauran su ma kada su ɗauka."

Na ji yana buga biro a tebur. Can ya ce, "Litinin ƙarfe tara. Ya zo da hoton fasfo huɗu da takalminsa."

Ina sa wayar a aljihu sai ga Hamisu ya fito da jaka a kafaɗa. Mutumin da ya tsaya ƙyam a gaban fili guda ana yi masa ba'a, da ya hango ni sai jikinsa ya yi sanyi. Ya zo ya durƙusa. Samarinmu suka kewaye mu.

"Koci, sannu da hanya. Ka yi haƙuri, ka taso tun daga gida na ba ka kunya." Ya sunkuyar da kai. "Don Allah in kun koma ka gaya wa Baba kada ya sa abin a ransa. Zan ƙara ƙoƙari, sai wata shekarar."

Na ce, "Kana da hoton fasfo?"

"Na'am?"

"Hoton fasfo, guda huɗu. In babu ka nemi mai hoto gobe. Litinin ƙarfe tara Alhaji Nuhu yana jiranka."

Ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi su Sanusi, ya sake dubana. "Koci, ni ne fa na ci gida."

"Na gani. Kaka biyu ina jiran ka ci."

Jakar ta sulale daga kafaɗarsa, ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya hawaye na zuba, kafin ya farga su Sanusi sun ɗaga shi sama.